Satifiket ɗin SSL na kyauta: yadda ake saka shi, da inda mutane ke tuntuɓe

Tambaya: Assalamu alaikum, Yaya. Ni nake kula da shafin intanet na shagon mahaifiyata a kasuwar Kejetia ta Kumasi, inda take sayar da atamfa da leshi da abaya. 'Yan'uwa daga Jamus da Amurka suna yin oda ta nan. Idan an buɗe shafin sai burauza ta rubuta "Not secure" kusa da adireshi, har wasu sun kira suna tambaya ko an yi mana kutse. Wanda ya gina mana shafin ya ce sai mun sayi satifiket na SSL, kuma duk shekara za mu biya. Wani abokina a Aboabo ya ce akwai na kyauta. Hajiya kuwa ta ce araha ba ta ado. Wa ke da gaskiya, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka gaishe mini da Hajiya, ka kuma kwantar mata da hankali, wannan rubutun ba shi ne alamar kutse ba. Tun watan Yulin 2018, da fitowar Chrome ta 68, burauzar take manna wannan gargaɗin a kan duk shafin da adireshinsa ya fara da http maimakon https. Abokinka na Aboabo ya faɗi gaskiya: akwai satifiket na kyauta, kuma ya ishe ku. Saka shi aikin mintoci ne idan komai yana daidai. Abin da zan fi jan hankalinka a kai shi ne sabunta shi, don a nan ne shafukan ƙananan 'yan kasuwa suke faɗuwa.

Ka fara sanin abin da satifiket ɗin yake yi, don ka iya yi wa Hajiya bayani da bakinka. Idan wata baiwar Allah a Hamburg ta rubuta sunanta da lambar wayarta da adireshin gidanta a shafinku, saƙon ba ya tashi ya dira a wurinku kai tsaye. Yana bi ta wayafai ɗin gidanta ko na wurin aikinta, ya bi ta kamfanin sadarwarta, ya ratsa na'urori da yawa kafin ya isa saba, wato kwamfutar da shafinku ke zaune a kanta. Da http, kamar ka ba yaron mota wasiƙa ba ambulan ne ka ce ya kai Tamale: duk hannun da ta bi zai iya karantawa, zai ma iya ƙara layi ko ya goge lambar MoMo ɗinku, wato ta karɓar kuɗi ta waya, ya sa tasa. Da https saƙon yana tafiya a kulle, burauzar mai saye da sabarku kaɗai ke iya buɗe shi. Aiki na biyu kuma, satifiket ɗin yana shaida wa burauza cewa sabar da ta amsa ita ce ke da iko da sunan shafin, ba wani ne ya tare hanya ba. A wasu wurare za ka ga an rubuta TLS, kada ya ruɗe ka. Kamfanin Netscape ne ya fito da SSL a tsakiyar shekarun 1990, TLS ya gaje shi a 1999, kuma TLS 1.2 na 2008 da 1.3 na 2018 su ne ke aiki yau, tsohon sunan ne kawai ya zauna a baki.

Maganar Hajiya kuwa, a kan atamfa ba wanda zai yi mata gardama. Amma a nan ƙarfin kullewar ba ya fitowa daga kuɗin da aka biya. Yana fitowa daga yadda aka saita saba da irin burauzar mai ziyara. Satifiket na kyauta da na kuɗi, idan aka ɗora su a kan saba ɗaya, kullewa iri ɗaya suke bayarwa. Mafi shahara wajen bayar da na kyauta ita ce Let's Encrypt, wadda ƙungiyar Internet Security Research Group ke gudanarwa daga Amurka, ba don neman riba ba. Mozilla da Electronic Frontier Foundation da Cisco da Akamai suna cikin waɗanda suka tsaya mata tun farko. Ta buɗe wa kowa ƙofa a watan Disambar 2015, kuma yau ɗaruruwan miliyoyin shafuka da ita suke aiki. Kamfanoni da gudummawar jama'a ke ɗaukar nauyinta, kuma kwamfuta ce ke yin aikin tantancewar daga farko har ƙarshe, shi ya sa ba ta buƙatar kuɗinka.

To me masu saye suke saye? Satifiket hawa uku ne. Na ƙasa yana tabbatar da cewa kai ke da iko da sunan shafin, shi ne na Let's Encrypt, kuma shi ne mafi yawan masu araha da ake tallatawa. Biyu na sama sai an binciki takardun rajistar kamfani, a rubuta sunan kamfanin a cikin satifiket ɗin. Da can burauza tana nuna sunan irin wannan kamfani da kore a gefen adireshi, amma Chrome da Firefox sun cire wannan a 2019, saboda an ga mutane ba sa lura da shi. Banki na iya samun dalilinsa na saye. Shagon atamfa ba shi da shi. Hujjar da ta rage wa masu sayarwa ita ce ka saya sau ɗaya ka huta shekara guda, ita ma tana kan ƙarewa. Tun Satumbar 2020 aka taƙaita rayuwar satifiket zuwa kwana 398, sannan a Afrilun 2025 majalisar da ta haɗa masu burauza da masu bayar da satifiket ta amince a rage zuwa kwana 200 daga Maris 2026, kwana 100 daga Maris 2027, kwana 47 daga Maris 2029. Wato mai kuɗi da mara kuɗi, kowa zai koma ga sabuntawa ta atomatik.

Kada ka yi saurin ɗaukar wanda ya gina muku shafin a matsayin macuci. Mai yiwuwa kamfanin da ya kama muku masauki a wurinsa, wato wurin ajiye shafin a kan sabarsu, shi ne ba ya bayar da na kyauta, don akwai irinsu, suna son a sayi nasu. Mai yiwuwa kuma kuɗin aikinsa yake nema, sai ya ga ya fi sauƙi ya kira shi kuɗin satifiket. Ladan aiki halak ne, a biya shi. Ka dai tambaye shi cikin ladabi: nawa ne na satifiket, nawa ne na hannunsa? Amsar za ta nuna maka da wa kake hulɗa.

Kafin ka taɓa komai akwai tambayar da ta fi satifiket nauyi. Sunan shafin, da sunan wa aka yi rajistarsa? Imel ɗin wa ke kai? Wa ke riƙe da kalmar sirrin shiga wurin masaukin? A Zango abin da aka saba shi ne a ba yaro mai ilimin kwamfuta kuɗi a ce ya yi komai, shi kuma ya yi rajista da sunansa da imel ɗinsa, ba da mugun nufi ba, don haka ya fi masa sauri. Ranar da ya samu biza ya tafi, ko aka sami saɓani, ko wayarsa ta ɓace, shagon ya rasa sunan da ya shekara yana bugawa a leda da kati. Ba za ka iya saka satifiket ba sai da ɗaya daga cikin mabuɗan nan biyu, na masauki ko na sunan shafi, don haka wannan ce damar da za ka karɓe su ba tare da an ga kamar rashin yarda ba ne. A mayar da rajistar kan sunan Hajiya ko na shagon, da imel ɗin da ku ke iya buɗewa. Ko sunanku da .com ya ƙare ko da .com.gh, Let's Encrypt ba ruwanta, duka tana ba su.

Sai ka duba ko sunan yana nuna sabar da ta dace. A wurin da ake saita DNS, wato tsarin da ke haɗa sunan shafi da sabarsa, akwai layin da ake kira A, shi ke ɗauke da lambar adireshin sabar. Ka tabbata akwai shi ga sunan tsura, akwai kuma wanda ke kula da mai www a gaba, domin burauza tana ɗaukar su sunaye biyu ne dabam, kuma satifiket ɗin dole ya ƙunshi duka biyun. In ka ga layin AAAA, wanda yake na sabon tsarin adireshi na IPv6, ka tabbata shi ma sabarku yake nunawa. Let's Encrypt ta fi son bi ta nan idan ta same shi, kuma tsohon layin AAAA da aka manta yana nuna wata sabar yana cikin abubuwan da ke sa tantancewa ta ƙi, mutum ya yini yana neman dalili.

Yanzu hanyar sakawa ta danganta da inda shafin yake zaune. In a kan Shopify ko Wix ko WordPress.com yake, ba ka da aiki, su ke bayarwa su ke sabuntawa, kuma da wuya ka ga wannan gargaɗin tun farko. Yadda ka kwatanta, na fi zaton masaukin haɗaka kuke, inda shafuka da yawa ke zaune a kan saba ɗaya, irin mai allon sarrafawa na cPanel. Ka shiga, ka nemo sashen tsaro, ka buɗe SSL/TLS Status. Za ka ga jerin sunayenku. Ka zaɓe su ka danna Run AutoSSL, ka ba shi 'yan mintoci, ka sake loda shafin. In ya yi, an gama, kuma shi zai riƙa sabunta kansa. In ba ka ga maɓallin ba, kamfanin ne ya rufe shi. Ka rubuta musu ka nemi su kunna maka. In suka ce sai ka saya, ni shawarata ka lissafa ranar da kuɗin masaukin zai ƙare ka fara neman wani kamfanin, domin masu bayar da shi kyauta a cikin kuɗin masauki sun fi yawa yanzu, a nan Ghana da waje.

In kuwa saba ce taku ta kanku wadda ake shiga da SSH, wato hanyar rubuta mata umarni daga nesa, manhajar da aka fi amfani da ita ita ce Certbot, ta Electronic Frontier Foundation. A kan Ubuntu, bayan ka shiga:

sudo snap install --classic certbot

sudo ln -s /snap/bin/certbot /usr/bin/certbot

sudo certbot --nginx -d shagonku.com -d www.shagonku.com

Ka sa sunan shafinku a madadin wanda na rubuta, kuma in Apache ce ke kan sabar, ka rubuta --apache a wurin --nginx. Zai nemi imel, ya nemi ka amince da sharuɗɗa, ya karɓo satifiket ya gyara saitin sabar da kansa.

Yana da kyau ka san abin da ke faruwa a bayan fage, don da shi za ka gane matsala idan ta zo. Certbot yana gaya wa Let's Encrypt cewa yana son satifiket na wannan suna. Sai ta ce to ka nuna naka ne: ga wata kalma, ka ajiye ta a cikin fayil a ƙarƙashin /.well-known/acme-challenge/ a shafin. Sannan ita da kanta ta zo daga waje, ta ƙofa ta 80, wato mashigar http a kan saba, ta duba ko fayil ɗin yana nan. In ta same shi ta bayar. Saboda haka duk abin da zai hana baƙo daga waje isa ga wannan fayil zai hana ka satifiket: DNS da bai gama yaɗuwa ba, katangar tsaro da ta rufe ƙofa ta 80, ko wata doka a saitin shafin da ke karkatar da kowa zuwa wani wuri. Wasu suna gama saka satifiket sai su rufe ƙofa ta 80 wai ai yanzu ta 443, ƙofar https, ake bi. Bayan wata biyu sabuntawa ta ƙi, ba su san dalili ba. Ka bar ta a buɗe, aikinta ta karɓi baƙo ta miƙa shi ga https.

Akwai wata hanyar tantancewa ta DNS, inda ake sa kalmar a layin TXT mai suna _acme-challenge. Ita ce tilas ga mai son satifiket mai tauraro, wanda ke rufe duk ƙananan sunayen da ke ƙarƙashin babban suna, kuma Let's Encrypt ta fara bayar da irinsa a Maris 2018. Shago mai suna ɗaya da www ba ya buƙatarsa, ka wuce shi.

In ka gwada ya ƙi, kada ka yi ta maimaitawa da fushi. Let's Encrypt tana da iyaka: gazawa biyar a cikin awa ɗaya a kan suna ɗaya sai ta dakatar da kai na ɗan lokaci, kuma satifiket mai sunaye iri ɗaya sak sau biyar kawai za ta ba ka a mako. Ka karanta saƙon kuskuren, yakan faɗi adireshin da ta je da abin da ta tarar. Wajen gwaji ka ƙara --staging a umarnin, wannan filin atisaye ne mai iyaka mai faɗi, sai dai satifiket ɗinsa burauza ba ta yarda da shi, don haka in ya yi nasara sai ka cire kalmar ka nemi na gaske.

To ga inda nake so ka buɗe kunne. An san satifiket ɗin Let's Encrypt da kwana 90, kuma da gangan aka yi shi gajere, don in an sace mabuɗi ɓarnar ta taƙaita, don kuma a tilasta wa mutane su bar wa kwamfuta aikin. Certbot yana duba kansa sau biyu a rana, ya sabunta idan saura kusan kwana 30. Kada ka ɗauka yana yi, ka gwada:

sudo certbot renew --dry-run

In ya ce gwajin ya yi nasara, ka rubuta systemctl list-timers ka ga ko sunan certbot yana cikin jerin ayyukan da aka sa wa lokaci. Abin da nake ƙi, kuma nake roƙonka kada ka yarda a yi muku, shi ne a je wani shafi a cike fom a sauko da satifiket na kwana 90, a kwafa a manna da hannu a cPanel. Ranar farko komai zai yi kyau, a karɓi kuɗin aiki a yi sallama. Bayan wata uku satifiket ɗin ya mutu, kuma mutuwarsa ta fi rashinsa muni nesa ba kusa ba. Shafin da ba shi da satifiket yana buɗewa da ɗan gargaɗi a gefe. Wanda nasa ya mutu, burauza tana tare mai ziyara da babban gargaɗi da ya cika allo, tana ce masa wasu na iya satar bayanansa, kuma mai saye da ya ga haka rufewa yake yi ya tafi. Ka lissafa wata uku daga yau ka ga ko ba zai faɗa cikin azumi ba, lokacin da odar kayan Sallah ke shigowa daga Bronx da Hamburg, kai kuma kana shago kana auna yadi ba ka da lokacin buɗe kwamfuta. Da can Let's Encrypt tana aiko da imel na tuni idan satifiket ya kusa ƙarewa. Ta daina wannan a watan Yunin 2025. Yanzu ba mai ƙwanƙwasa maka ƙofa. Ko da sabuntawar ta atomatik ce, ka sa tuni a wayarka, farkon kowane wata ka buɗe shafin, ka taɓa alamar da ke gefen adireshi, ka duba ranar ƙarewa. In ka ga saura ƙasa da kwana 20, sabuntawar ta tsaya, kuma kana da lokacin gyara.

Hanya ta uku ita ce Cloudflare, wadda take ba da SSL kyauta tun 2014. Kana mayar da kula da DNS ɗinku wurinsu, sai su tsaya tsakanin mai ziyara da sabarku. Tana da amfani, musamman in kamfanin masauki ya ƙi ba da haɗin kai, amma tana da rami. A cikin zaɓuɓɓukansu akwai Flexible, wanda ke kulle tafiya daga mai ziyara zuwa Cloudflare kawai, daga nan zuwa sabarku saƙon a buɗe yake tafiya. Mai saye zai ga https ya sakankance, alhali rabin hanyar babu kariya. Ni ban ɗauki wannan a matsayin gyara ba ga shafin da ke karɓar sunaye da adireshin mutane. Ƙari a kan haka, in da manhajar WordPress aka gina shafinku, shi ma yana karkatar da mutane zuwa https, Flexible yakan sa shafin ya yi ta zagaye har burauza ta gaji ta ce karkatarwa ta yi yawa. Wanda ya dace shi ne Full (strict), kuma yana buƙatar satifiket a kan sabar ita ma, ko na Let's Encrypt ko wanda Cloudflare ke bayarwa kyauta don sabar asali. In za ka koma wurinsu, ka duba layukan MX, masu nuna inda imel ke sauka, sun biyo ka, in ba haka ba imel ɗin shago ya daina shigowa.

Samun satifiket bai gama aikin ba. Ka fara ɗaukar kwafin ajiya na fayiloli da rumbun bayanai, ka sauke shi a kwamfutarka. Sannan in WordPress ne, ka shiga saitin gama-gari ka mayar da adireshin shafin guda biyu daga http zuwa https. Ka tabbata duk wanda ya zo ta tsohon adireshi ana miƙa shi ga sabon da karkatarwa ta dindindin, mai lamba 301. A cPanel akwai maɓallin Force HTTPS Redirect a sashen sunayen shafi, Certbot kuma yakan saita ta da kansa. Da wannan duk tsofaffin mahaɗan da kuka watsa a WhatsApp da Facebook da Instagram za su ci gaba da aiki.

Abin da zai fi ba ka ciwon kai shi ne hotuna. Shagon atamfa hotuna ne jarinsa, kuma kowane hoton da aka ɗora a baya an ajiye adireshinsa da http a cikin rumbun bayanai. Shafi ya zo a kulle, hotunan cikinsa suna neman zuwa a buɗe, sai burauza ta yi ƙoƙarin ɗauko su ta https, in ta kasa ta hana su fitowa, ko ta ci gaba da nuna gargaɗi. A kwamfuta ka danna F12 ka duba Console, zai jera maka duk abin da ke zuwa ta http. Gyaran shi ne a nemo tsohon adireshin a rumbun bayanai a musanya shi da sabo. Ka yi da ƙaramar manhaja irin Better Search Replace, ko da umarnin wp search-replace, kada ka buɗe fayil ɗin rumbun ka musanya da hannu, domin WordPress yana ajiye wasu saituka tare da adadin haruffansu, ƙarin harafin s guda ɗaya yana iya lalata su. Wani zai ce maka ka kunna HSTS, wato umarnin da ke gaya wa burauza kada ta sake buɗe shafin sai ta https. Abu ne mai kyau, amma ka jira sai ka ga sabuntawa ta yi kanta aƙalla sau ɗaya, domin da HSTS in satifiket ya mutu mai ziyara ba shi da ko maɓallin tsallake gargaɗin.

Za a kira ka a ce shafin ya ƙi buɗewa a wayar wata gwaggo a Asawase alhali a taka lafiya lau. Abu biyu ke jawo haka. Na farko agogon waya. Satifiket yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, in wayar tana ganin kanta a shekarar da ta wuce, ko tsohuwar kwamfutar da ƙaramin batirin agogonta ya mutu ta manta kwanan wata bayan an ɗauke wuta, za ta ce satifiket ɗin ba shi da inganci. A gyara kwanan wata kawai. Na biyu tsufan waya. Wayoyin Android da ke ƙasa da 7.1.1 ba su san tushen satifiket na Let's Encrypt mai suna ISRG Root X1 ba, kuma dabarar da aka yi musu don su ci gaba da aiki ta ƙare a 2024. Irin wayoyin nan na wajen 2016 zuwa baya ne, amma a unguwanninmu waya ba ta ritaya, daga hannun uba take komawa hannun kaka. In wayar ta yarda ta ɗauki Firefox, matsalar takan warware, don Firefox da nata jerin take tafiya. In ba haka ba, a karɓi odar gwaggo ta WhatsApp, kada a sassauta tsaron shafi saboda waya ɗaya.

Ka kuma gaya wa Hajiya iyakar abin, don kada a ɗora masa abin da ba zai iya ba. Https ba ya shaida cewa mai shafi mutumin kirki ne. 'Yan damfarar MoMo ma suna karɓar satifiket na kyauta su ɗora a shafukan bogi, don sunan da suka yi rajista nasu ne, tantancewar kuwa iyakarta ke nan. Wannan na cikin dalilan da suka sa Chrome ta cire hoton kwaɗo daga gefen adireshi a 2023, mutane suna ganinsa suna ɗauka shaidar amana ce. Satifiket ba zai hana a shiga WordPress ɗin da ba a sabunta shi ba, ko wanda kalmar sirrinsa sunan shagon ce da 123 a ƙarshe. Kuma samunsa ba izini ba ne ka fara karɓar lambar katin banki a fom ɗinku, balle lambar sirrin MoMo, wadda ba wani shago da ke da hurumin tambaya. Biyan kuɗi a bar shi a hannun kamfanonin da Babban Bankin Ghana ya ba lasisi, mai saye ya biya a shafinsu su sanar da ku. Sunaye da lambobin waya da adireshin da kuke tarawa kuwa, dokar kare bayanan mutane ta 2012, mai lamba 843, ta ɗora muku nauyin kiyaye su, kuma https yanki ne kawai na wannan nauyin.

Abu biyu ƙanana da ba a cika faɗa ba. Duk satifiket da aka bayar ana rubuta shi a kundin da kowa ke iya dubawa, ka shiga crt.sh ka rubuta sunan shafinku za ka gani. Saboda haka in ka buɗe wani ƙaramin suna don gwaji ka karɓa masa satifiket, kada ka ɗauka ɓoyayye ne, ka sa masa kalmar sirri. Sannan a cikin /etc/letsencrypt/live/ akwai fayil mai suna privkey.pem. Shi ne mabuɗin sirrin. Ba a tura shi ta WhatsApp, ba a ɗaukar hotonsa, ba a ba wanda ya ce zai taimaka. In ya fita, a soke satifiket ɗin a karɓi sabo da sabon mabuɗi.

Idan ka gama, ka kashe wayafai ka buɗe shafin da datar waya ta hanyoyi huɗu: http da www, http ba www, https da www, https ba www. Dukkansu su sauka a adireshi ɗaya na https ba gargaɗi. Ka buɗe shafin kaya biyu ko uku ka ga hotuna sun fito, ka yi odar gwaji har zuwa wurin biya. Sannan ka sa sunan a ma'aunin SSL Labs na kamfanin Qualys, kyauta ne, ka nemi makin A. In ya ba ka B, galibi tsofaffin TLS 1.0 da 1.1 ne aka bari a kunne, waɗanda manyan burauza suka daina karɓa tun 2020, kuma a masaukin haɗaka kamfanin ne zai kashe su, sai ka rubuta musu. In wani abu ya ƙi, ka kwafo mini saƙon kuskuren yadda yake harafi da harafi, tare da sunan shafin da irin masaukin da kuke kai.